Ranar da tankin motarmu ya daina feso mini ruwa

Asabar, Manchesta

Tun da na idar da sallar asuba ban koma barci ba. Sati uku ke nan ina ɗage aikin nan, ga shi hutun makaranta saura kwana goma, kuma na riga na yi wa yara alkawarin za mu je arewacin Wales su ga dutsen Snowdon. Motar tamu irin mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki ce, ƙirar 1998, a kan gangar jikin Fiat Ducato. Bara na saye ta a hannun wani dattijon Bature da ya ce gwiwarsa ta daina yarda da kuloci. Injin lafiya lau yake. Wajen ɗura ruwa ne take ba ni kunya.

A gefen motar akwai wani baki mai murfi da makulli, kamar na tankin mai. Daga nan wani tiyo mai faɗin milimita 40 ya gangara zuwa tankin ruwa mai cin lita 100 da ke ƙarƙashin kujerar zama. Da zarar na zura tiyon famfo na buɗe, ko minti biyu ba a yi sai in ji ciki yana ƙugi, kafin in ja da baya ruwan ya dawo ya wanke mini gaban riga. Dole sai dai in rage famfon ya riƙa tsiyaya kamar ana tatsar akuya. A sansanin da muka kwana a watan Satumba rabin awa na yi a bakin famfo, Turawa uku na layi a bayana. Babu wanda ya ce uffan, amma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya tashe ni tsaye kuwa maganar uwargida ce. Shekaranjiya ta shiga ɗauko bargo ta fito tana cewa, "Baban yara, kujerar nan fa warin rima take yi." Wanda ya san irin waɗannan tsofaffin motoci ya san me wannan ke nufi. Bangonsu katako ne a tsakiya, an lulluɓe shi da falankin ciki da gorar ruwa, wato alminiyum, ta waje. Idan ruwa ya samu hanya ya shiga, a ɓoye zai yi ta cin katakon, ba za ka sani ba sai ranar da ka danna bango da yatsa ya lotsa.

Da ƙarfe takwas na kwashe katifun kujerar, na kwance murfin katakon da sukudireba, na haska tocilan. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Babban tiyon ya bushe ya yi tauri, kuma irin mai ƙwarya-ƙwaryar ciki ne, kowane lungu ya tara baƙin datti. Zoben ƙarfen da ya ɗaure shi a wuyan bakin ya yi tsatsa, ina taɓa shi ya karye gida biyu. Shi kansa wuyan, na roba ne, ya tsage daga ƙasa, tsaga siririya kamar gashi. Ina zaton wani hunturu ne aka bar ruwa a ciki ya daskare, don ƙanƙara ta fi ruwa cin wuri da kusan kashi 9 cikin 100, roba mai shekara ashirin da ɗoriya kuwa ba ta da haƙurin wannan. Wani da ya riga ni ya ga tsagar, sai ya lafta mata silikon irin na banɗaki ya rufe ido. Allah ya yafe masa. Duk lokacin da ruwa ya dawo sama, ta nan yake zurara cikin bango.

To amma me ke sa ruwan dawowa tun farko? A nan na ɓata kusan awa guda. Na zura waya a babban tiyon, babu abin da ya toshe shi. Ina tsugune ina zufa a cikin sanyin nan sai maƙwabcina ya leƙo ta kan shinge, riƙe da kofin shayi. Tsohon mai gyaran famfo ne, ya yi ritaya. Ko motar bai shiga ba, ya ce in nemo siririn tiyon da iska ke fita ta cikinsa, in hura da baki.

Na same shi a maƙale bayan tankin, kaurinsa bai wuce ɗan yatsa ba. Ya tashi daga saman tankin ya haɗe da wata 'yar ƙofa a gefen bakin. Na hura, ya ƙi. Na sake hurawa da ƙarfi har kunnena ya toshe, sai ga wani ruwa kore mai wari ya fantsamo. Da a Katsina ne sai in ce zanzaro ya yi gini a ciki. Ashe tiyon ne ya saki, tsakiyarsa ta lanƙwasa ƙasa ta zama kwari, ruwa ya kwanta a wurin, gansakuka ta fito ta ƙarasa rufe hanyar. Iskar da ke cikin tanki ta rasa mafita, sai ta biyo ta inda ruwa ke shigowa ta turo shi waje. Haushin kaina ya kama ni, domin duk yaron da ya taɓa ɗura kananzir a kwalba da mazurari ya san sai ka ɗan ɗaga mazurarin iska ta fita. Na yi wannan aiken sau ba adadi ina ɗan firamare, amma yau sai da wani ya tuna mini ta kan shinge.

Bayan azahar na je shagon kayan irin waɗannan motoci. Na sayo sabon baki da murfinsa, mita ɗaya da rabi na tiyo mai santsin ciki wanda aka yi don ruwan sha, siririn tiyon iska, zobba huɗu na ƙarfe marar tsatsa, da naɗin gam ɗin butil mai kama da cingam. Mai shagon ya so ya haɗa ni da wani murfi da ake maƙala wa tiyo kai tsaye, ka buɗe famfo ka tafi harkarka. Na ƙi. Tankin da ya kai wannan shekaru ba zan haɗa shi da ƙarfin ruwan famfo ba ina can ina hira. Abin da na ƙara kawai 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a bakin tiyo tana ƙirga lita. Dalili kuwa nauyi ne: lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma lasisin da aka samu a Birtaniya daga Janairun 1997 zuwa yau, irin nawa, bai yarda ka tuƙa mota irin tamu da ta wuce kilo 3,500 ba. Mu biyar, ga buhun shinkafa, ga kekunan yara. Lita 30 ta ishe mu alwala da shayi a hanya, sauran sai mun isa.

Ɗaurawar ba ta yi wuya ba, in ban da kankare tsohon silikon da ya ci mini farce. Sabon tiyon ya ƙi shiga wuyan tanki sai da na tsoma bakinsa a ruwan zafi ya yi laushi. Kowane gefe zobe biyu na sa masa, kawunansu na kallon saɓanin juna. Tiyon iskar kuwa na ɗaure shi a jikin katako a wuri huɗu, yana hawa sama tiryan-tiryan, babu inda ɗigon ruwa zai samu wurin zama.

Wajen la'asar muka gwada. Na sa autana a ciki da tocilan da busasshen tsumma, na ce idan ya ga ko ɗigo ɗaya ya yi ihu. Na buɗe famfo har ƙarshe, na ɗan koma gefe saboda sabo. Shiru, sai wata 'yar iska mai sanyi da nake ji tana fita ta ƙaramar ƙofar. Minti takwas na'urar ta nuna 96, ruwa ya leƙo a hankali. Yaron ya ƙwala kira, "Abba, babu komai!" Rigata a bushe. Maƙwabcin ya ɗaga mini kofinsa daga can.

Na zuba garin wanke tanki, na buɗe kowane famfo na ciki har ruwan maganin ya iso, na bar shi ya kwana. Ban sa bilic ba, don kulorin mai ƙarfi yana cin ƙarfen tukunyar ruwan zafi. Gobe in Allah ya kai mu zan zubar in ɗauraye sau biyu.

Katakon da ke ƙarƙashin bakin ne bai bar ni na saki jiki ba. Na caka masa sukudireba, bai nutse ba, amma wajen faɗin tafin hannu ya yi baƙi kuma da sanyi a jikinsa. Na bar murfin a buɗe, na kunna masa ƙaramar hita. Uwargida ta shigo bayan isha'i ta shinshina, ta ce har yanzu da saura. Zan sake dubawa ranar Laraba.