Kafin a ja kafaɗa, a fara yin hoto

'Yan uwana masu aikin babur da masu dako a nan Legas, maganar nan ta daɗe tana ci min rai. Daga Agege har Mile 12 da Alaba Rago, da zarar mutum ya faɗi a kan kafaɗa ya tashi riƙe da hannu sai ka ga an yi masa caa, wannan ya ce targaɗe ne, wancan ya ce gocewa ce ku riƙe min shi in ja, kafin ka ankara an danne bawan Allah ana fizgar hannu yana salati. Wallahi ganganci ne, don karaya da gocewa ciwo biyu ne masu kama a ido amma maganinsu ya sha bamban.

Akwai siririn ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya ya tafi kafaɗa, wanda kake iya shafawa da yatsa, galibi a tsakiyarsa yake karyewa. Za ka ga wurin ya kumbura ya yi tudu, kafaɗar ta saki ƙasa, mutum na tallafe da gwiwar hannunsa, in ya motsa wani lokaci har ƙas-ƙas ake ji. Wannan ba ya son ja ko kaɗan, ƙarƙashinsa manyan jijiyoyi ne suka bi zuwa hannu, ga saman huhu nan kusa. Yawanci rataye hannun kawai ake yi a wuya a ba da maganin ciwo, babba sati 6 zuwa 12, yaro sati 3 zuwa 6 ya haɗe. Ɗan tudun da ke saura bayan an warke sabon ƙashi ne, kar ya dame ka. Sai in ƙashin ya huda fata ko yana neman hudawa, ko ya hau kan juna sosai, sannan likita zai yi maganar tiyata a sa ƙarfe.

Ita gocewa kan ƙashin damtse ne ya fita daga gurbinsa, fiye da kashi 90 cikin 100 ta gaba yake fita. Kafaɗar sai ta rasa zagayenta ta yi kusurwa, hannu ya ƙi motsi sam. Ita kam mayarwa take so da wuri, in aka kwana naman wurin ɗaurewa yake yi aiki ya ƙara wuya. Amma ko a asibiti sai an yi hoto tukun, saboda sau da yawa gocewa na zuwa da karaya a ɓoye, ka ja ka ƙarasa ƙashin. Likita zai shafa gefen kafaɗar ya ce malam kana ji? Jijiya yake dubawa. Sai a yi allurar kashe zafi a mayar a hankali, ba da ƙarfin tuwo ba, a sake hoto a tabbatar ta zauna.

Ni ban raina masu ɗori ba, iyayenmu ne kuma sun taimaki jama'a, amma hannu ba ya ganin cikin jiki. Na san kuma kuɗin hoto da zaman layi su ke korar mutane, balle wanda sai ya fita zai ci. To amma hannun nan shi ne jarinka. Ga asibitin ƙashi na Igbobi, ga asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba kusa da mutanenmu, ga asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja.

Matasa kuma don Allah ku daure da gashin ƙashi bayan an mayar, ku ne kafaɗarku ta fi saurin sake gocewa, wani har a barci take fita. Wanda ya haura shekara 40 kuwa in sati biyu suka wuce ya kasa ɗaga hannu ya koma a duba, ƙila jijiyar da ke riƙe kafaɗar ce ta yage. In yatsu suka yi sanyi ko suka mutu, ko numfashi ya fara sarƙewa bayan faɗuwar, kar a jira gari ya waye, a nemi mota a tafi asibiti a daren.