Magana zarar bunu ce, har a ɗakin gwajin jini

Ina shekara ta biyu a ɗakin gwaji wani magidanci ya shigo da takardu uku a hannu, matarsa na biye da shi, goye da yaro ɗan shekara biyu da hannayensa suka kumbura. Ya miƙo mini ya ce, "Likita, duba mini nan, ban gane ba." Ni ma'aikacin gwaji ne da ke haɗa digiri na biyu a kan cutar sikila, amma a wajen mutanenmu duk mai farar riga likita ne. Na duba: yaro SS, uwa AS, uba AA. Ban ko numfasa ba na ce, "Malam, ai wannan ba zai yiwu ba. Mai AA ba ya haifar mai SS."

Har yau ina ganin yadda ya juya ya dubi matar nan. Bai ce uffan ba. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana ta gyara majanyi, alhali goyon na nan daram. Ya ninke takardun ya sa a aljihun gaba, ya ce ya gode, suka fita. A gidan iyayenta ta kwana ranar.

Ƙannena masu shigowa wannan aiki, abin da na faɗa yana cikin littafi, sai dai littafin bai ƙare a wannan shafin ba. Tsohuwar na'urar da yawancin ɗakunan gwajinmu ke amfani da ita, wadda ke rarrabe nau'o'in jini da lantarki a kan 'yar takarda, ba ta nuna komai da komai. Akwai wani gadon jini da ake kira talasimiya, mai ɗauke da shi sai ya fito a matsayin AA. In ɗansa ya gaji S daga uwa, ya gaji talasimiya mai tsanani daga gare shi, takardar yaron sai ta yi kama da SS sak. Ga kuma musayar kwalba, ga kuskuren alƙalami, ga wanda aka yi wa ƙarin jini bai daɗe ba. Duk na san waɗannan, na ma rubuta su a jarrabawa. Ɗokin nuna sani ne ya riga hankalina fita.

Da shugabar sashenmu ta ji, kirana ta yi ofis ta rufe ƙofa. "Ɗana, wa ya tambaye ka uban yaro?" Ita ta sa aka nemo su, aka sake gwaji da na'urar HPLC, wadda ta fi tsohuwar tantance nau'o'in jini, a wani asibitin, sakamako ya nuna uban na ɗauke da talasimiya. Ɗansa ne na cikinsa. Matar ta koma ɗakinta bayan kusan wata biyu, ni kuma na je har zaure na ba da haƙuri, mijin ya ce ya yafe. Amma surukarta ta riga ta ji, maƙwabta sun ji, kuma bayanin talasimiya ba ya yawo da ƙafar da zargi ke yawo da ita. Saboda haka duk ranar da takardun iyali suka ƙi haɗuwa a hannunka, ka fara da zargin kwalbarka da na'urarka da alƙalaminka. Abin da za ka ce bai wuce "Akwai buƙatar a sake gwaji" ba, sannan ka kai wa na gaba da kai.

Daga ranar na gane cewa gwajin gado daban yake da na zazzaɓi. Na zazzaɓi maganar mutum ɗaya yake yi. Na gado kuwa yana maganar uwa da uba, da 'yan'uwa, da 'ya'yan da ba a haifa ba, waɗanda ba wanda ya nemi izininsu. Kuma takardun nan ƙaruwa suke yi. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da gadon sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar duk shekara, kuma a 2024 Jihar Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure. Ina goyon bayan gwajin ɗari bisa ɗari. Abin da ke damuna shi ne wanda ake miƙa wa takardar. Na sha ganin kawu ko ɗan aike ya zo karɓar sakamakon yarinya, a ba shi a buɗe, kafin la'asar unguwa ta ɗauka "tana da sikila", alhali AS ce, lafiyarta lau, abin da kawai take buƙata ta san na wanda za ta aura. Ka ba mai jini takardarsa hannu da hannu, a rufe, ka yi masa bayani shi kaɗai, shi ya zaɓi wanda zai faɗa wa.

Kuskurena na biyu ba a gaban kowa na yi shi ba, shi ya sa na daɗe ban ɗauke shi kuskure ba. Na tattara bayanan mutanen wani ƙauye a kwamfuta, na goge sunaye, na tura wa abokin karatu ta WhatsApp ya taya ni lissafi. Shi kuwa ɗan yankin ne. Da dare ya kira ni yana cewa ai ya gane wane da wance. Yaya ba zai gane ba? Na bar sunan unguwa, da shekaru, da sana'a, da yawan mata da 'ya'ya. Mahauci mai mata uku a unguwa mai gida arba'in ba ya buƙatar suna. Tun a 1997 Latanya Sweeney, tana ɗaliba a Amurka, ta nuna haka: ta haɗa bayanan asibiti da aka cire wa sunaye da rajistar masu zaɓe, da ranar haihuwa da jinsi da lambar yanki kawai ta zaƙulo fayil ɗin gwamnan jiharta, William Weld. In aka gano gwamna a cikin birni, ina ga ƙauyen da kowa ya san kakan kowa? Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya da na gado cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Ka dunƙule shekaru rukuni-rukuni, ka cire unguwa, ka kulle fayil da lambar sirri, kada ya kwana a wayarka.

Sai ragowar jinin da ke firiza. Takardar amincewar da na kai ƙauyen da Turanci take, na fassara da baki a gurguje, suka dangwala yatsa. Na ce musu gwajin sikila za a yi. Bayan shekara wani mai bincike ya nemi ragowar don wani aiki daban, na kusa ba shi, a ganina ai jinin zaman banza yake. Shugabar nan tawa ce ta sake tare ni, ta ba ni labarin ƙabilar Havasupai ta jihar Arizona. Daga 1990 aka ɗebi jininsu da sunan binciken ciwon sukari, daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali, da auren zumunta, da asalin inda suka fito. Sai a 2010 Jami'ar Jihar Arizona, wadda masu bincikenta suka ɗebi jinin, ta biya su dala 700,000 ta mayar musu da jininsu. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan ciwo. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996, wanda iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin kuma ya musanta, yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambata da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Duk wanda ya shiga ƙauye da sirinji yana shiga ne a kan sawun waɗancan.

Na sake rubuta takardar da Hausa, na koma ƙauyen, muka zauna a ƙofar gidan mai gari na karanta musu layi-layi, na ce wanda bai yarda ba a zubar da nasa. Mafi yawa suka yarda, wasu suka ƙi, na rubuta lambobinsu. Wata tsohuwa da ke zaune a bakin tabarma ta jira kowa ya gama, sannan ta matso ta ce, "Ɗan nan, wai jinin nawa yana nan har yanzu?" Na ce, "Yana nan, Iya." Ta yi shiru jim kaɗan ta ce, "To, wa da wa suka gan shi?" Na buɗe littafina na lissafa mata su ɗaya bayan ɗaya, har da abokin nan nawa na WhatsApp.