Jan Inabin Kudan: Ɗanɗana Na Ƙasan Nono Kafin Ka Biya

Inabin da ake jerawa nono-nono, wato curi-curi a jikin karansa, a tire a Kwangila da Tudun Wada da bakin kasuwar Sabon Gari a Zariya, ba dukansa ne ya tsallako teku ba. Akwai na gida, daga ƙaramar hukumar Kudan mai hedikwata a Hunkuyi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Zariya. An daɗe da sanin yankin da rake da tumatir, yanzu rumfunan inabi ma sun shiga sahu, kuma da rani ne kayan suke cika kasuwa. Ribar Bazazzagi ke nan: a yanko nono da hantsi, ya ci shi da la'asar. Sai dai kusa da gona ba ya hana mutum kwasar mai tsami, domin yawancin masu saye da ido suke zaɓe, ido kuwa shi jan inabi ya fi yaudara.

Mangwaro da ayaba da gwanda ana tsinkarsu ɗanyu a nuka su, bayan kwana uku su yi zaƙi. Inabi ba ya nukuwa. Sukarinsa daga ganye yake gangarowa, ranar da almakashi ya raba nono da itace ranar zaƙi ya tsaya inda yake. In mai tire ya ce maka "Alhaji, ajiye shi kwana biyu zai faɗa", abin da zai faru a kwana biyun shi ne ruwan jikinsa ya ragu, fatar ta yamutse. Tsamin da ka saya shi za ka ci.

Launin kuma a fata kawai yake zaune. Ɓare ƙwaya ɗaya ka gani, tsokar ciki fara ce mai ɗan kore-kore. Jan yana fara hawa fatar ne makonni kafin nuna ta cika, lokacin da ƙwayar ta fara laushi, kuma nau'in da ke yin duhu sosai yana iya rufewa ruf da launi alhali da sauran mako ɗaya ko biyu kafin zaƙi ya kai. A nan manomin da dillali ya matsa wa yake yankewa da wuri. Yanayi ma yana da hannu. Sanyin dare yana taimaka wa fata ta yi ja sosai, zafin da ya haura digiri 35 kuwa yana dakushe launin. Shi ya sa wanda ya nuna a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, yakan fi duhu da ɗan tsami mai daɗi, wanda ya kai Maris kuma yakan fito da ja mai haske, kamar bai nuna ba, amma tsaminsa ya faɗi domin zafi yana ƙone wani kaso na sinadarin tsamin da ke cikin ƙwayar. Mai saye da ido sai ya tsallake na biyun, ya bar wa wanda ya sani.

To yaya ake ɗanɗanawa?

Da farko bakinka ya zama fes. Wanda ya gama cin goro, ko ya sha shayi mai cokali uku na sukari, ko ya goge baki da man goge haƙori yanzun nan, kowane inabi tsami da ɗaci zai yi masa. Kurkure da ruwa, ka ɗan jira. Sannan kada ka karɓi ƙwayar da mai kaya ya miƙo maka. Ba wai don maƙaryaci ne ba, hannunsa ne ya saba zuwa kafaɗar nono, can sama kusa da kara, inda ƙwayoyi suka fi samun rana kuma suka riga nuna. Ka ce, "Malam, bari in taɓa na ƙasan nan." Ƙwayar da ke can ƙarshen wutsiyar nono ita ce ta fi baya a zaƙi. In ita ta yi, sauran sun yi.

Goge ta, ka sa a baki, amma kada ka tauna tukuna. Danna ta da harshe a ganɗa har ta fashe. Abin da ya fara zuwa shi ne ruwan: zaƙi ne ya riga, tsami ya biyo a hankali ya wanke baki, ko kuwa tsamin ne ya fara cizon gefen harshe har miyau ya tsinke? Na farkon ake nema. Zaƙi zalla marar tsami ko kaɗan shi ma ba abin yabo ba ne, lami ne, kamar ruwan sukari, kuma alama ce ta cewa ya wuce lokaci ko ya sha zafi da yawa. Bayan ruwan, ware fatar ka tauna ta ita kaɗai kamar sau goma. A nan bauri yake, wannan da ke ƙanƙance baki ya busar da dasashi kamar ɗanyar kanya. Kaɗan daga cikinsa shi ke ba jan inabi gardin da fari ba shi da shi. In ya yi yawa har harshe ya yi kaushi, tare da warin ɗanyen ganye, ba a bar shi ya nuna ba. Mutane suna haɗa tsami da bauri da ɗaci su kira su abu guda, alhali kowanne da mazauninsa: tsami a ruwa, bauri a fata, ɗaci a iri.

Irin kuwa kada ka haɗiye, tofo shi a tafin hannu. Shi ne shaidar da ba ta karɓar cin hanci. Na nunannen inabi launin ƙasa yake yi, da tauri, ya rabu da tsoka tas, in ka ciza ya yi ƙaras-ƙaras kamar soyayyar gyaɗa. In ka gan shi kore ko fari-fari, tsoka na manne da shi, to an yi gaggawa.

Masu sayen kwali-kwali don sari za su ci ribar wani ɗan ma'auni mai kamar guntun tocilan da ake kira rifiraktomita. Ana ɗiga ruwan inabi a gilashinsa, a leƙa ta fuskar haske, a karanta lamba. Kowane digiri ɗaya na wannan lambar yana nufin kusan giram 1 na sukari a cikin giram 100 na ruwan. Inabin ci ana son ya kai 16 zuwa sama, 18 zuwa 20 kuwa ya yi kyau ƙwarai. Kada a auna ƙwaya guda a yanke hukunci. A tsinko kamar 20 daga nono daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa, a matse su tare a leda, a auna haɗin. Ma'aunin dai sukari kawai yake gani, bai san tsami ba, don haka harshe yana nan da aikinsa.

Harshe ya faɗi nuna, kara kuma shi ke faɗin kwana. Karan nono da 'yan tsinkayen da ke riƙe da ƙwayoyi suna rasa ruwa da sauri fiye da ƙwayar kanta, ballantana a busasshiyar iskar hunturu. Kore shar mai lanƙwasuwa, yankan yau ne ko jiya. Ya fara ja-ja daga bakin yanka, ya kwana biyu. Ya bushe ya yi baƙi yana karyewa, to ko ƙwayoyin suna sheƙi an daɗe da rabuwa da gona. Ɗaga nonon ta kara ka ɗan girgiza a hankali: ƙwaya ɗaya ko biyu su faɗo ba komai, amma in suka zubo kamar tsakuwa, ajiye. Juya shi kuma ka buɗa tsakiya da yatsa, domin ruɓa daga ciki take farawa, inda ƙwayoyi suka matse juna har wata ta fashe. Fumfuna mai launin toka, danshi mai yauƙi, warin tsami irin na khal, ko 'yan ƙananan ƙudajen nan da ke tashi in an taɓa tire, duk labari ɗaya suke bayarwa. Nonon da ya ɗan saki jiki, iska na ratsa shi, ya fi wanda ya cure kamar dunƙulen hannu, ko da na biyun ya fi kyau a hoto.

Akwai wani farin gari-gari da ke lulluɓe fatar, wanda wasu ke ɗauka ƙurar hanya ce ko magani. Kakin da itacen ke yi wa 'ya'yansa ne don tsare ruwa, kuma ganinsa cikakke yana nuna hannu bai yi yawo a kan nonon ba. Abin haushi, wasu masu tire suna goge shi ko su yi ta yayyafa ruwa don kaya ya yi ƙyalli, sai su rage masa kwana da hannunsu. Ragowar feshi daban take: ba ta rufe ƙwaya bai ɗaya, ɗigo-ɗigo take bushewa, sau da yawa a gindin ƙwaya inda ruwan maganin ya taru, wani lokaci da shuɗi-shuɗi in maganin mai tagulla ne. Kowane maganin feshi yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalinsa da za a jira kafin girbi. Wanda ya je gona da kansa yana da damar tambaya, cikin ladabi: "Baba, yaushe rabonsa da feshi?"

Gona biyu a ƙauye ɗaya, nau'i ɗaya, sai ka ji ɗanɗano ya sha bamban, kuma dalilin yawanci a hannun manomi yake. A ƙasashen sanyi itacen inabi yana zubar da ganye ya huta da kansa. A nan ba ya samun wannan hutun, sai an datse masa rassa kafin ya tsiro sababbi masu fure, kuma daga datsa zuwa girbi wata huɗu ne ko ɗan fiye. Ranar datsa ita ke yanke ko nono zai nuna cikin sanyi ko cikin zafi. Sai yawan kaya. Itacen da aka bar masa nono fiye da ƙarfin ganyensa yana ba da ƙwayoyi masu kodadden ja, zaƙi kaɗan, na ƙasan nono kuma su yi laushi ruwa-ruwa. Rage nono tun suna ƙanana yana da ciwo ga mai gona, amma shi ke kawo inabin kirki. Ban ruwa ma haka: in aka tsananta shi dab da girbi, nauyi yana ƙaruwa a sikeli, ɗanɗano ya tsinke, fata ta tsage. Damina kuwa abokiyar gabar inabi ce, danshi yana kawo cutar ganye, ruwan sama yana fasa nunannun ƙwayoyi.

Na waje da ke zuwa a 'yan robobi daga Afirka ta Kudu ko Masar, irin su Red Globe mai manyan ƙwayoyi da iri a ciki, ko Crimson Seedless marar iri mai ƙaras-ƙaras, an zaɓe su ne don su jure doguwar tafiya cikin sanyi. Kada a auna na Kudan da girmansu. Ƙaramar ƙwaya tana da fata mai yawa a kan ruwa kaɗan, ƙamshi da launi kuwa a fatar suke. A ganina, don matse ruwa, ƙaramin mai duhu mai iri ya fi babban nesa ba kusa ba.

In an kawo gida kada a wanke sai za a ci. A cire duk ƙwayar da ta fashe, a sa sauran a leda mai huji a firji, nesa da albasa da kifi domin yana ɗaukar wari. Haka zai yi mako guda zuwa biyu. Inda wuta ba ta zama, a saya daidai na kwana biyu, a shimfiɗa a faifai a ɗaki mai sanyi, kada a tara wani kan wani, kada kuma a ƙulle shi a baƙar leda a bar shi cikin mota.

Ruwan inabi mai ja sosai ba a bilenda ake samunsa ba. Bilenda tana farfasa iri, ɗaci ya shiga, launin kuma ya fito dishi-dishi. A tsinke ƙwayoyi daga kara, a wanke, a murƙushe da hannu a tukunyar silba mai ƙyalli wadda ba ta tsatsa ko mai rufin tangaran. Tukunyar dalma ba ta dace ba, tsamin yana cinta, launi ya koma toka-toka. Rabin kofin ruwa ya ishi kilo 2 na inabi don kada ya kama. A ɗora a wuta kaɗan har ya yi zafin da yatsa ba zai daɗe a ciki ba, kimanin digiri 60 zuwa 65, a riƙe shi haka minti 15 ana juyawa. Zafin nan ne ke fito da ja daga fata. In ya tafasa, ƙamshin ɗanyen inabi ya tafi, sai ɗanɗanon dafaffen abu. A tace da ƙyalle mai tsabta, a bar shi ya ɗiga da kansa, matsa ta ƙarshe kawai a yi ta a hankali don kada bauri ya biyo. Kilo guda yakan ba da ruwa tsakanin rabin lita da kashi biyu cikin uku na lita. A ɗanɗana kafin a taɓa sukari, nunannen inabi ba ya buƙatarsa.

Wajen ajiyar ruwan ne ake son kula sosai. Fatar inabi tana ɗauke da yis nata na halitta, ruwan kuma cike yake da sukari, don haka a zafin Zariya kwana ɗaya zuwa biyu a waje ya isa ya fara juyewa giya ba tare da kowa ya sa masa komai ba. Alamun a bayyane suke: 'yan kumfa suna tasowa daga ƙasa, gorar roba ta kumbura ta yi tauri, murfi ya yi tsit in an buɗe, harshe ya ji ɗan cizo, zaƙi ya ragu. Wanda ya kai haka zubarwa ake yi. Don kauce masa, a sha a ranar, ko a sa a firji a shanye cikin kwana uku, ko a mayar da tataccen ruwan wuta ya kai digiri 85 na 'yan mintoci, a zuba da zafinsa a kwalbar da aka dafa, a rufe nan take. In ya kwana a firji ka ga wasu 'yan tsakuwoyi ja-ja kamar gishiri sun kwanta a gindin kwalba, ba lalacewa ba ce, gishirin tsamin inabin ne sanyi ya daskarar. A tsiyaye ruwan a hankali a bar su a ƙasa.