Waken farko a bakin jariri

A shekarun da na yi ina awon yara a wani ƙaramin asibiti a Jos, ba abin da na fi nanata wa iyaye mata kamar wannan: nono zalla har wata 6, daga nan a fara haɗawa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, haka kuma aka koya mana a makaranta. In na zo lissafa abincin kuwa, wake nake fara ambata, domin yana gina jiki, yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kuma ba gidan da ba a san shi ba. Ajiyar wannan sinadari da jariri ya zo da ita duniya takan fara ja da baya wajen wata 6, tsararon koko kuwa ba ya cike gurbinta.

Sai dai na daɗe ina cewa "a ba shi wake", ban taɓa tsayawa na faɗi yadda za a ba shi ba.

Wata dattijuwa daga Unguwar Rogo ce ta farkar da ni. Ta rako surukarta awo da yaro ɗan wata 7, ina cikin bayani sai ta katse ni: "'Yar nan, wake ba abincin goyo ba ne. Mun ba shi, ya kwana kuka, ciki ya yi tam." Da a da ne, camfi zan kira maganarta. Ranar sai na ce, "Inna, wane irin wake aka ba shi?" Ashe daga tukunyar gida aka ɗebo, wake da shinkafa, da ɓawonsa, an jefa kanwa don ya yi saurin nuna, ga dunƙule, ga yaji. Gaskiya ta faɗa. Wannan girki na manya ne, cikin yaro bai kai nan ba.

Tun daga ranar nake bayani dalla-dalla. A jiƙa waken, a surfe shi kamar za a yi alale, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa da sabon ruwa har sai ya narke tsakanin yatsu. Ba kanwa, ba gishiri, ba dunƙule, don ƙodar jariri ba ta iya ɗaukar gishiri mai yawa. A dame shi sumul, a ɗiga manja kaɗan. Nan Jos ga dankalin turawa, ga acca, ga tumatir da karas a kasuwar Farin Gada, duk suna shiga, tumatir ma yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfen da ke cikin waken. Kaurinsa ya zama wanda zai zauna a cokali, ba ruwa-ruwan da ake ɗura wa yaro ba. Ɗura kam ina hana ta da ƙarfi, domin ta nan yara ke ƙwarewa. A zaunar da shi, a ba shi da cokali, kuma kada a miƙa masa ƙwayar wake guda.

Ranar farko cokali ɗaya ya isa. In ya karɓa, a kai cokali 2 zuwa 3, sau 2 ko 3 a rana. Iska kaɗan a ciki ba abin tsoro ba ce. Ƙuraje, kumburin fuska ko leɓe, amai a kai a kai, ko numfashi da ƙyar, waɗannan a garzayo asibiti nan take, musamman in an haɗa da waken soya ko gyaɗa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganin ƙwari da wasu 'yan kasuwa ke zuba wa wake a ajiya. Saboda shi Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Shi ya sa nake ce wa mata su sunsuna kafin su saya, wanda ke warin magani su bar shi komai araharsa, su nemi sabon wake ko na wanda suka yarda da ajiyarsa.

Da awon gaba ya zagayo, Inna ta sake rako su. Ita da kanta take surfa wa jikan nata wake, ta ce surukar ba ta cire ɓawon sosai.