Wurno, garin Bello

Wallahi mutane da yawa in sun ji Wurno sai su ce ai ƙauye ne kawai a jihar Sakkwato, alhali garin nan ya taɓa zama mazaunin Sarkin Musulmi sukutum. Muhammadu Bello ɗan Shehu ne ya mai da shi ribaɗi saboda tsaron arewa maso gabashin Sakkwato daga harin Gobirawa, kuma a nan Allah ya yi masa rasuwa a 1837, hubbarensa na nan har yau ana zuwa ziyara. Ɗansa Aliyu Babba ma da ya zama Sarkin Musulmi nan ya fi zama, shi ya sa da Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya zo a 1853 sai da ya sauka Wurno.

Garin na kan tudu ne, ƙasansa kuma fadamar gulbin Rima ce shimfiɗe, to nan fa arzikin yake, shinkafa da albasa da tafarnuwa, da rani ka ga buhuna jibge bakin titi ana loda wa motoci. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da dubu 160, amma fa da ƙauyukanta ne gaba ɗaya.