Aikinmu na fassara takardun wutar injinan Italiya

Mu uku ne a kamfanin, kuma mafi yawan aikinmu daga masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa yake zuwa, domin injinan jima da aka taɓa amfani da su, waɗanda ake sayowa daga Italiya, musamman daga yankin Arzignano, kan iso Kano da littattafansu da zanen wayoyinsu cikin Italiyanci. Mai gyaran wuta a nan da Turanci ya koyi sana'arsa, don haka sai an juya masa takardar kafin ya sa hannu a akwatin wuta.

Abin da nake fara gaya wa duk wanda na ɗauka aiki shi ne kada ya yarda da ma'anar farko da ƙamus ya ba shi. Kalmar tensione ƙarfin wuta take nufi, wato voltage. Quadro a bakin talaka hoton bango ne, amma a wurin injiniya akwatin rarraba wuta ne, cabina kuwa ɗakin taransifoma. Waɗannan cikin mako guda ake haddace su.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin interruttore da sezionatore. Ta farko na iya zama makunnin fitila, tana kuma iya zama na'urar da ke yanke wuta da kanta, sai kalmar da ta biyo bayanta ta raba gardama: magnetotermico yana faɗuwa idan kaya sun yi wa layi yawa ko wayoyi sun haɗu, differenziale kuwa yana faɗuwa idan wuta ta zurare ƙasa, a gidaje galibi idan yawan wutar da ta zurare ya kai miliamfa 30. Italiyawa salvavita suke kiran wannan na biyun, ma'ana mai ceton rai, sunan da ya samo asali daga kayan kamfanin BTicino. Shi sezionatore ba a ƙera shi don yanke wuta inji na aiki ba. Ana buɗe shi ne bayan an kashe komai, domin mai gyara ya samu tabbacin layin a rabe yake. An taɓa kawo mini wata fassara da aka yi a wani wuri, inda aka kira duka biyun switch, wani yaro ya ja hannun sezionatore alhali inji na juyawa, tartsatsin ya narkar da bakin ƙarfen ya babbake masa gashin hannu. Tun ranar nake duba wannan kalma da kaina a kowane shafi.

Lambobi ma suna da nasu tarko, saboda Ba'italiye waƙafi yake sawa inda Baturen Ingila ke sa ɗigo. Waya mai kaurin 2,5 dole ta koma 2.5, haka 1.000 dubu ɗaya ce cur. Idan wata kalma ta shige mana duhu, muna komawa ƙa'idar haɗa wayoyin wuta ta Italiya, wato CEI 64-8, da ƙamusun kalmomin lantarki na duniya, wato IEC 60050, sannan mu zaɓi lafazin Ingila da ake koyarwa a makarantunmu, mu rubuta earth a maimakon ground na Amurka.

Ba na karɓar littafi ba tare da zanen wayoyinsa ba, ko da mai shi zai ƙara kuɗi, domin alamar da ke kan zanen ce ke nuna mini ainihin na'urar. Idan zanen ya ɓace a hanya, nakan tafi masana'antar da fitilar hannu, mai gyara ya buɗe akwatin, in karanta rubutun da ke jikin kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya kafin in koma ofis.