Bobkat ɗina da famfon da na kusa saya a banza

A Kumasi duk ƙaramar motar loda ƙasa mai taya huɗu da bokiti a gaba bobkat muke ce mata, ko wane kamfani ne ya ƙera ta. Sunan ya samo asali ne daga kamfanin Bobcat na Amurka, wanda ya fitar da irinta ta farko mai taya huɗu a 1960. Tawa ɗaya ce tak, kuma da ita nake ciyar da gida. Daga Aboabo nake bayar da ita haya: masu buga bulo su tara yashi, magina su baje jar ƙasa a cikin fandesho, wani lokaci a kwashe ɓaraguzan tsohon gida a lungun zango inda babbar katafila ba ta da wurin juyawa. Ita kuwa a inda take tsaye take juyawa, domin ba ta da sitiyari. Tayoyin hagu da na dama kowane ɓangare da famfonsa da motarsa ta mai, wato na'urar da matsin mai ke juyawa ta murza tayoyin.

Ta hannu na saye ta, an sauke ta a tashar jirgin ruwa ta Tema. Injin dizal ne mai silinda huɗu, lafiya lau, ba hayaƙi. Injin na tsaya saurare ranar ciniki, shi da fenti, ban leƙa ƙarƙashin kujera ba.

Wata na biyu muna aiki a wajen Kenyase, yarona ya ciko bokiti zai zuba a tifa, sai hannuwan da ke ɗaga bokitin suka tsaya cak. Inji na ruri, ya taka feda, shiru. Ya kashe ya tayar, suka yi aiki minti goma, ya hau wani ɗan tudu motar ta girgiza, suka sake tsayawa. Mai gini yana tsaye yana duban agogo, direban tifa yana ta hon.

Bakaniken da na fara kira bai ko buɗe komai ba. Ya saurara, ya ce famfon haidirolik ya mutu, a nemo wani. Kuɗin da aka faɗa mini ya kai abin da motar ke kawowa a wata biyu. Har na fara neman rance wajen yayana, sai wani abokina mai tifa ya ce in fara kai ta Suame Magazine, unguwar bakanikai ta Kumasi, wajen wani tsohon masta da ya daɗe a kan manyan injuna.

Dattijon bai yi gaggawa ba. Yana zaune a kan benci ya ce, "Ɗana, da ta tsaya, a hankali ƙarfinta ya riƙa raguwa, ko kuwa ɗif ta yi kamar an ɗauke wuta?"

Na ce, "Masta, ɗif ta yi."

"Famfon yana kuka?"

"Ba ya yi."

Ya ce to wannan dumso ne, wato yadda ake kiran ɗaukewar wuta a Ghana, ba famfo ba. Yaran shago suka yi dariya. Bayaninsa shi ne famfon da ya gaji ba ya mutuwa ya farfaɗo. Zai yi aiki da safe mai na da kauri, rana ta take mai ya yi zafi ya tsinke sai ƙarfi ya ragu, kuma sau da yawa za ka ji yana ƙugi. Abin da ke yankewa lokaci guda ya dawo lokaci guda, musamman bayan girgiza, a waya ake nemansa. Ni a lokacin ban san wuta na da hannu a ɗaga bokiti ba. Ashe irin waɗannan motoci suna da makulli na tsaro: sai direba ya zauna ya sauke ƙarfen da ke tare cikinsa, sannan wuta ta je ga solonoyid, wato 'yar na'urar wuta da ke sakin bawul ɗin mai. In wutar ba ta isa ba, ko famfon jiya aka fito da shi daga kwali hannuwa ba za su motsa ba.

Aka ɗaga ɗakin direban aka tokare shi. Mai wayarin ya ɗora mita a batir, inji a kashe, volt 12.6. Aka tayar, ya haura 14, wato altaneta ba ta da laifi. Fis duka lafiya. Da ya kai mitar bakin solonoyid sai ya ga wutar na rawa, ya girgiza damin wayoyin da hannu ta faɗi ƙasa da 9. Ya zare wani mahaɗi a ƙarƙashin kujera, cikinsa ya yi kore shar, ƙafa ɗaya ta kusa cinyewa. Kakkaurar wayar da ke haɗa batir da jikin motar ita ma tsatsa ta ci gindinta. Masta ya ce motocin da suka fito daga arewacin Amurka da Kanada haka suke, can da su ake ture ƙanƙara, kuma gishiri ake watsa wa tituna lokacin sanyi. Gishirin ya shiga ko'ina, sannan damina ta Kumasi ta zo ta ƙarasa aikin.

Samfefa, sabon mahaɗi, ɗan giris, da kuɗin aiki. Duka bai kai kuɗin dizal na kwana biyu ba.

Akwai abin da na roƙa ya hana ni. Na ce tunda makullin nan ne ke kawo ciwon kai, a haɗe wayoyin kai tsaye a huta. Ya dube ni ya ce, "Yaron da ke tuƙa ta, ɗan wani ne." Direba yana fita ta gaba ne, tsakanin hannuwan, in ƙafarsa ta taɓa feda ba makulli, bokiti a kansa zai sauko. Na ji kunya, ban sake tayar da maganar ba.

Tsugune ba ta ƙare ba. Da hunturu ya shigo sai ta fara wani sabon hali: da safe garau, bayan awa biyu sai ɓangaren hagu ya yi sanyi, ka tura sandunan tuƙi biyu daidai amma ta riƙa karkata. Wannan karon ni da kaina na gane ba waya ba ce, tunda zafi ne ke kawo shi kuma a hankali yake zuwa. Na fara da abin da ba ya cin kuɗi. Iskar taya daidai, sandar tuƙi ba ta saki ba. Man haidirolik yana kan layi, bai yi fari kamar madara ba balle in ce ruwa ya shiga, ba kumfa balle in ce yana zuƙar iska. Amma abin sanyaya mai da ke kusa da lagireto ya toshe ƙam da ƙurar hunturu da garin siminti na gidan bulo. Muka hure shi, zafin ya ragu, karkatar ta ragu, ba ta tafi ba.

Na koma Magazine. Masta ya ɗaura geji ya ga ƙaramin famfon da ke ciyar da manyan biyu yana ba da matsi yadda ya kamata. Sai ya cire siririn tiyon da ke mayar da yoyon cikin motar taya zuwa tanki. Na dama ɗan kaɗan yake zubarwa, na hagu kuwa kamar an buɗe famfon wanka. A kan tiyon nan akwai wata 'yar matata da yawancinmu ba mu san da ita ba; ya kwance ta, ga ƙyallin garin tagulla a ciki. Motar hagu ta cinye daga ciki. Ya ce da matatar ta toshe gaba ɗaya, matsin zai fasa robar bakin motar, mai ya tsiyaye cikin akwatin sarƙa. Wannan gyaran ya ci kuɗi sosai, kuma ya ƙi mayar da motar sai da aka zubar da man duka, aka wanke tiyoyi da tanki, aka sa sabbin matatu, don kada garin ƙarfen da ya rage ya kashe abin da aka gyara.

Tiyo guda ya sa na yi sawu biyu. Na je aka matse mini sabo ba tare da na riƙe tsohon ba, na dawo bakinsa ya ƙi shiga, domin zaren motar Amurka na inci ne, wanda aka ba ni kuma wani ma'auni ne daban. Yanzu tsohon nake kaiwa da mansa da dattinsa. Na kuma hana yarona laluben yoyo da hannu. Matsin cikin tiyon ɗagawa yana kaiwa wajen bar 200 a ma'aunin matsi, ramin da bai fi bakin allura ba zai iya cusa mai cikin fata. Guntun kwali yake karawa ya ga inda ya jiƙe.

A bayan kujera yanzu akwai mita, fis guda biyar, samfefa da gwangwanin giris. Kowace Juma'a da safe, kafin mu tafi masallaci, yaron yana hure abin sanyaya man, ni kuma in zare mahaɗin nan in duba ko koren ya dawo.